Tekle Ta Shiga Tabki

A ƙauyen Uzgiris babu gidan da ya kai na Zigmas kusa da tabki, kuma babu wanda ya kai matarsa Tekle tsoron tabkin. Tun tana yarinya abin ya shige ta. Wata ranar hunturu tana tsaye a gaɓa, mahaifinta na dawowa daga daji ta kan ƙanƙarar da ta rufe tabkin, doki na jan amalanken itace, sai ƙanƙarar ta buɗe. Mahaifin ya fito da rarrafe. Dokin kuwa ya yi ta haniniya yana dukan bakin ramin da kofato har nauyin itacen ya ja shi ƙasa. Sanyin da ya shiga ƙirjin mahaifin a ranar shi ya yi ajalinsa kafin ƙanƙara ta narke. Daga nan Tekle ba ta ƙara sa ko ɗan yatsan ƙafa a ruwan ba.

Sai ga shi ta auri Zigmas, direban tarakta, mutumin da ba shi da magana sai ta kamun lideka, wani kifin tabkin mai kaifin haƙora. Ita ta yi aikin tatsar shanu a gonar gwamnati har gonar ta watse, aka raba dabbobi ta samu saniya ɗaya. Tun daga lokacin ba ta taɓa zama babu saniya ba. Ta haifi 'ya guda, Ruta, wadda ta girma ta tafi aiki Ireland. Duk tsawon zaman auren, da ruwan rijiya Tekle ke wanki, in za ta shanya kaya kuma sai ta ba tabkin baya.

Amma fa a girkin lideka babu mai ja da ita. Takan zare naman daga fatar ba tare da ta huda ba, ta niƙa shi da albasa da ƙwai da burodi, ta mayar ciki ta dafa, a jajiberin Kirsimeti maƙwabta su yi ta leƙowa. Sharaɗinta ɗaya ne: Zigmas ya yanke kan kifin a waje kafin ya shigo mata da shi. Ba ta son ganin dogon bakin nan mai kama da na agwagwa, cike da haƙora kamar allurai, da idon da ke bin mutum ko bayan rai ya fita.

Sun haura sittin su biyun lokacin da Zigmas ya yanke jiki ya faɗi a rumfar itace. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta zama guntu-guntu, ba mai fahimtarsa sosai sai Tekle. Ya koma zaman taga. Daga safe har yamma tabki yake kallo, abinci ya huce a gabansa. Ƙaninsa Bronius, gwauro mai son kwalba, ya kawo masa lideka da ya kamo, Tekle ta yi miya, Zigmas ya ture kwanon da hannun hagu. Kafin kaka ta shigo, wandonsa ba ya tsayawa sai an ƙara wa bel huda.

Wata safiya ta dawo daga tatsa ta tarar da kujerar ba kowa. Ta ajiye bokiti ta fita da gudu. A kan 'yar hanyar da ta gangara bakin ruwa ta same shi kwance cikin raɓa, ya ja jiki har gwiwar wandonsa ta yage, sandar kamun kifinsa na hannun hagu.

"Tsoho! Me ya kawo ka nan? So kake ka kashe ni?"

"Kai ni," in ji shi, ya nuna tabkin da haɓa.

"Bronius zai kai ka ran Lahadi."

"Mashayi. Zai... nutsar da ni. Ke."

"Ni? Ka manta wadda ka aura ne? Lallai ciwon nan har kanka ya taɓa."

Ya kawar da fuska ya kwantar da kumatu a kan ciyawa. "To bar ni. Nan."

Da ƙyar ta cicciɓe shi zuwa gida, ta ji ashe nauyinsa bai kai na ɗan maraƙi ba. Wannan ne ya fi tsorata ta. Da rana ta ce masa za ta koyi jifa, amma daga tudu, kada ma ya yi mata zancen kwale-kwale. Ranar ya ci dankali biyu.

A gonar dankali aka fara, bayan an tone. Zigmas na kan kujera da bargo a cinya, ita tana riƙe da sandar kamar an ba ta maciji. Ya nuna mata yadda ake danne zaren da yatsa, a buɗe kwarkwaron naɗe zaren, a wurga, a saki yatsa. A bakin zaren akwai 'yar waya, don haƙoran lideka na datse zare kamar almakashi, a bakin wayar kuma blizge, ɗan ƙarfen nan mai siffar cokali da ƙugiya a gindinsa. Jifanta na fari a bayanta ya sauka. Na biyu ya laƙe a igiyar shanya. Bronius ya zo ya jingina da shinge yana kallo.

"Matar Yaya, kabeji ya kama! Ja a hankali, kada ya tsere miki!"

"Ka matsa daga nan, in ba haka ba kunnenka zan kamo."

"Ai gabanki ne wurin da ya fi aminci a duk ƙauyen nan."

Bai rufe baki ba blizge ya tafi da hularsa. Zigmas ya yi dariya da rabin baki har ya ƙware. Rabon da ta ji dariyarsa tun kafin ciwon.

Daga gona aka koma 'yar gadar katako da ake ɗaure kwale-kwale. Tekle ta ɗauko igiyar shanya ta ɗaura a ƙugu, ta ɗaure ɗaya bakin a jikin bishiya, sannan ta taka katakon farko. Ta tsakanin katakan tana ganin ruwan, baƙi, ciyawa na kaɗawa a ciki a hankali. Zigmas na gaɓa yana ba da umarni: ta jefa gefen kyauro, ta bari ya ɗan nutse, ta naɗo a hankali, ta tsaya, ta ci gaba. Ta yi kwanaki ba ta kamo komai ba sai ganyen bado.

Ran da kifin ya kama, ta naɗo blizge har kusa da ƙafarta, tana shirin ɗagawa, sai wani abu kore ya fito daga ƙarƙashin gadar kamar an harbo shi. Ta kwarma ihu, ta fizge sandar, kifin ya faɗo kan katako yana tsalle. Ƙarami ne, bai kai tsawon hannunta ba. Don ta gama da shi da sauri sai ta tura yatsu cikin bakinsa za ta cire ƙugiya.

"A'a!" in ji Zigmas, amma ya makara.

Haƙoran lideka ciki suka karkata, abin da ya shiga ba ya fita lafiya. Ta janye hannu jini na zuba har gwiwar hannu, ya kuma ƙi tsayawa da wuri. Ta zauna daɓas a kan gadar tana kuka tana zaginsa, shi da kifinsa da tabkinsa. Ya bari ta gama, sannan ya miƙo mata doguwar filayarsa, ya nuna mata da hannun hagu inda ake riƙe kifin, a ƙarƙashin kumatu. Da yamma ya shanye miyar tas, har da goge kwano da baƙin burodi.

Maganar kwale-kwale ba ta daɗe ba ta dawo. Manyan kifi ba sa zuwa bakin gada, in ji Zigmas. Ta ƙi, ta ƙi, har ya koma ture kwano. Sai ta je coci ta kunna kyandir, ta dawo ta kira Bronius ya koya mata tuƙi da filafilai. Rigar hana nutsewa ɗaya ce a gidan, tsohuwa, ta sa wa Zigmas ita ta ɗaure tamau. Bronius ne ke ɗaukarsa ya zaunar da shi a bayan kwale-kwalen, ya tura su.

"In kun ga za ku nutse, ku jefo min kifin tukuna," yakan ce.

Fitarsu ta farko ta yi amai. Ba ta yarda su yi nisan da ba za ta hango ƙasan ruwa ba. A hankali dai ta iya tuƙi, ta iya jifa a zaune, ta kamo 'yan matsakaita a gefen kyauro. Zigmas ya fara maida jiki. Ita kuwa ta rame, don duk ranar da za su fita ba ta iya cin komai.

Kaka ta yi nisa, ganye ya gama zuba, sai ga wata rana ruwan ya kwanta shiru ba iska. Sun fita bayan azahar. Zigmas ya nuna tsibirin da ke tsakiyar tabki.

"Rami. Can take. Babbar... lideka."

"Ta zauna abinta. Ni ban yi mata komai ba."

"Sau ɗaya. Kafin... ƙanƙara." Ya dube ta. "Ƙila baɗi... ba ni."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya kwale-kwalen. Suna tafe launin ruwan na sauyawa, ciyawa ta ɓace, ya zama baƙi wuluk, ba ka ganin komai sai fuskarka. Ta daina kallon gefe. A kusa da tsibirin ya sa ta sauya blizge ta sa babba mai ruwan tagulla, ya ce ta bar shi ya nutse sosai. Hankalinta na kan zaren, ba ta lura da farin hazon da ke tasowa daga bakin daji yana bin saman ruwa ba.

Ta zaci ƙugiyar ta laƙe a kututture ne. Sai kututturen ya motsa. Sandar ta lanƙwashe har bakinta ya taɓa ruwa, kwarkwaron ya hau ƙara, kan kwale-kwalen ya fara juyawa da kansa.

"Yesu, Maryamu! Tsoho, jan mu take yi!"

"Sanda sama! Bar ta... ta gudu!"

Tekle ba ta san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Hannayenta suka mutu. In ta naɗo kaɗan, kifin ya ƙwace ninkinsa. Can sai ya taso a gefensu, ta ga gadon bayansa mai faɗin cinyar mutum, da wani ƙaton ido rawaya da ya juyo ya kalle ta.

Zigmas ya manta da ciwonsa. Ya ɗauki komar kwashe kifi da hannun hagu ya miƙa jiki kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru. Ɓarin daman bai tare shi ba. Ya tafi gaba ɗaya ta ka, ƙirjinsa da kansa cikin ruwa, ƙafafunsa kaɗai a ciki. Kwale-kwalen ya karkata, ruwa ya kwararo ta gefe.

Ta saki sandar. Ta faɗa kansa ta damƙi bel ɗinsa da hannu biyu, ta tokare ƙafa da katakon zama ta ja. Bai taso ba. Rigar hana nutsewar ta harɗe a maƙalin filafili. Tana ganin ƙeyarsa a ƙarƙashin ruwa, furfurarsa na kaɗawa. Ta sa haƙori ta ciji bel ɗin, ta saki hannu ɗaya ta fizge rigar har ta yage, ta koma baya da dukkan nauyinta. Suka zube tare a tsakiyar kwale-kwalen, cikin ruwa mai sanyin yanka. Ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya ja numfashi da ƙara.

Da ta ɗaga kai, babu tsibiri, babu gaɓa, babu rana. Fari kawai ko'ina. Filafili ɗaya ya tafi. Ruwan da ke cikin kwale-kwalen ya kai idon sawu.

Ta cire takalmin robarta ta hau kwarfar ruwa da shi. Ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓa masa, ta naɗe masa kai da ɗankwalinta. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na haɗuwa. Ta ɗauki filafilin da ya rage ta tuƙa, kwale-kwalen ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Ta koma tana tuƙa dama, tana tuƙa hagu, ba ta san ko gida ta nufa ba ko can ƙarshen tabkin inda babu kowa sai fadama.

"Bronius! Bronius!"

Hazon ya haɗiye muryar. Ta kira sunayen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Shiru, sai ɗigar ruwa daga filafili. Sai ta lura Zigmas ya daina kakkarwa, idanunsa na lumshewa.

"Kada ka yi min barci! Tsoho! Buɗe ido ka zage ni!" Ta mare shi. Ya buɗe kaɗan ya mayar.

A nan ne tsoron ya gama cika ta har ta kasa kuka. Ta durƙusa cikin ruwan sanyi da filafili a hannu, ta rasa inda za ta sa shi. Tana cikin haka ta ji wani sauti can nesa, ta bayanta. Ta riƙe numfashi. Ya sake zuwa, dogo, mai ɗan dusashewa a ƙarshe. Kukan Marge ne, saniyarta, lokacin tatsa ya wuce nono ya dame ta. Ashe baya ta ba gida tana tafiya.

"Marge! Marge, 'yar albarka, yi kuka!"

Saniyar ta ji muryarta ta amsa. Tekle ta juya ta bi kukan. In ya koma hagunta ta gyara, in saniyar ta yi shiru ta ƙwala mata kira. Haske na raguwa. Daga ƙarshe kyauro ya fara gogar jikin kwale-kwalen, ya yi kauri, ya riƙe shi cak. Ta tura da filafili ya ƙi gaba. Ta zura filafilin ƙasa, ya taɓa laka da ƙyar.

Ta dubi Zigmas, ta dubi ruwan. Ta yi alamar gicciye, ta kama igiyar gaba, ta zura ƙafafu ta sauka. Sanyin ya buge ta kamar an soka mata wuƙa. Ruwan ya kai mata wuya, laka ta kama ƙafarta tana ja. Ta ɗaga haɓa, ta ɗora igiyar a kafaɗa, ta taka. Wani abu ya gogi cinyarta ta yi ƙara, amma ba ta tsaya ba. Ruwan ya sauko ƙirji, ya sauko ƙugu. Sai ga hasken fitila, ga Bronius ya faɗo ruwa da takalmansa yana kiran sunan yayansa. Kukan saniyar ne ya fito da shi daga gida, ya zo ya ga ba su dawo ba.

Suka kwantar da Zigmas kusa da murhu, suka tuɓe shi suka yi ta murza masa jiki kafin motar asibiti ta iso. Can ya buɗe ido, ya motsa baki. Tekle ta kai kunne.

"Sandata?"

"Ta tafi."

"Kin... saki?"

"Na saki! Da kai zan saki?"

Ya rufe ido. "Babba ce," in ji shi.

Bronius ya juya baya yana share hanci. "Matar Yaya, da ni ne, wallahi sai na ɗan yi shawara."

Sanyin ya kama huhun Zigmas, ya yi makonni a asibiti. Ruta ta taso daga Ireland, ta tsaya a tsakar ɗaki ta wanke Tekle da Bronius tas. Ta ce uwarta ta haukace, baffanta ya kamata a ɗaure, kwale-kwalen kuma a faskara shi a hura wuta. A ganin Tekle yarinyar ta yi gaskiya. Da Ruta za ta koma, sai ta ajiye mata sabuwar rigar hana nutsewa a kan gado.

Zigmas ya warke, amma bai ƙara shiga kwale-kwale ba, bai kuma nema ba. Da ƙanƙara ta narke, lokacin hana kamun lideka ya wuce, Tekle ta karɓi tsohuwar sandar Bronius ta fita ita kaɗai. Gefen kyauro take bi, inda zai iya hango ta daga taga. Ya riƙe farin tawul: in ya kaɗa sama ta matsa gaba, in ya shimfiɗa a jikin gilashi ta tsaya nan ta jefa. In ta dawo sai ya sa ta ba shi labarin kowane jifa, ya gaya mata inda ta yi kuskure. Haka suka yi har kaka biyu. A hunturun da ya biyo baya ya rasu a kan gadonsa, tana riƙe da hannunsa mai lafiya.

Ruta ta so ta tafi da ita, ta ce ba inda za ta. Yanzu Tekle ta tasam ma tamanin, ta bar kiwon saniya saboda ciwon baya, amma kamun lideka na nan. Idanun Bronius sun yi rauni, don haka ita ke fita da shi. Kafin ya shiga sai ta laluba aljihunansa, in ta sami kwalba ta ajiye a kan gada.

"Ko ta ɗumama jiki, Matar Yaya?"

"In sanyi kake ji, karɓi filafili."

Tsibirin dai ba ta ƙara zuwa ba, ko Bronius ya yi ta magiya. Da ta ga gajimare ya sauko kan daji take naɗe zare, ko da kifi na kamawa. In sun iso gaɓa takan zauna a kan gadar sai ƙafafunta sun daina rawa, Bronius na tsaye yana mita, sannan ta tashi ta ba shi kifin ya riƙe, ta kama hannunsa su hau tudu.